Zaman Iyali: Sa'ad Da Jinyar Tsoho Ta Fi Ƙarfin Gida



Akwai wata magana da mutanenmu su ke jin nauyin faɗa, ko a gaban Fasto, ko a gaban dattawa. Maganar kuwa ita ce, jinyar Baba ko ta Mama ta fi ƙarfinmu. Mutum ya gwammace ya rame, ya ci bashi, ya cire 'yarsa daga makaranta, da a ji a gari cewa ya kira bare ya shiga tsakaninsa da iyayensa. Mun san dalili. An tashe mu da girmama iyaye, a gida da kuma cikin Maganar Allah, haka kuwa ya kamata. Amma yau muna so mu yi wata tambaya a fili: yaushe ne ya kamata iyali su nemo mutumin da ya koyi aikin lafiya, ya riƙe linzamin jinyar, su kuma su ci gaba da nasu aikin na 'ya'ya?

Bari mu fara da bambancin ciwon yaro da na tsoho. Saurayi ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, ciwo ɗaya ne, likita ɗaya, magani na kwana 3, ya tashi ya koma gona. Tsoho kuwa da wuya ciwonsa ya zo shi kaɗai. Ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga gwiwa, ga yana a ido, ga kunne ya yi nauyi. Kowane ciwo da ranarsa a asibiti, da katinsa, da likitansa. Likitan ido bai san abin da likitan zuciya ya rubuta ba, sai in an gaya masa. A gida ma haka. Ɗan da ke Abuja yana aiko kuɗi, 'yar da ke Kaduna tana aiko ƙwayoyin da ta ji an yaba, maƙwabciya tana kawo saiwa da ɓawo, matar ɗa tana girki da wanki. Kowa yana ƙoƙari da zuciya ɗaya. Amma in ka tambaya, ƙwaya nawa Baba ya ke sha a rana, mece ce amfanin kowace, yaushe zai koma ganin likita, sai a yi ta kallon juna. Hannuwa sun yi yawa, babu wanda ya riƙe dukan labarin. Tsintsiya kuwa, kome yawan tsinkayenta, ba ta shara sai da maɗauri.

Wannan maɗauri shi ne aikin da mu ke magana a kai. Za mu kira mai yinsa mai tsara jinya.

Sanin cewa tsoho yana bukatar dubawa ta musamman bai daɗe ƙwarai a duniya ba. A shekara ta 1935 aka damƙa wa wata likita a Ingila, mai suna Marjory Warren, wani gidan marasa lafiya kusa da Landan, inda aka tara mutum fiye da 700, yawancinsu tsofaffi, waɗanda aka riga aka fid da rai za su sake tashi. Ta bi su ɗaya ɗaya ta duba. Sai ta tarar da yawa ba a taɓa bincika ciwonsu sosai ba, an dai ce tsufa ne, aka bar su a gado. Ta sa aka gyara haske cikin ɗakuna, aka tashe su zaune, aka koya musu tafiya daga farko. Da dama daga cikinsu suka koma gidajensu. Daga aikinta ne likitancin tsofaffi ya kafu a matsayin fanni mai zaman kansa. Kalmar nan "tsufa ne" wadda ta kwantar da mutanen nan, mu ma muna faɗarta kullum, kuma sau da yawa a ƙarƙashinta akwai ciwon da ke da magani.

A Amurka, inda 'ya'ya su kan zauna nesa da iyaye ƙwarai, tsara jinya ya zama sana'a sosai, har masu yinta suka kafa ƙungiyarsu a 1985. Yawancinsu nas-nas ne ko ma'aikatan jin daɗin jama'a. Su kan je gida su duba tsohon da wurin zamansa, su rubuta tsari, su raka shi wurin likita, su ba 'ya'ya labari. Galibi iyali ne su ke biya daga aljihunsu. A nan Nijeriya ba mu saba jin sunan sana'ar ba, ko da ya ke an fara motsi. An buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 2012, aka kuma sa hannu a kan dokar kafa cibiyar ƙasa ta tsofaffi a 2018. Amma tsohuwar da ke ƙauye a Kudancin Kaduna ko a Bauchi ba za ta jira wannan ya iso ƙofarta ba. Sunan sana'ar ne babu, bukatar tana nan, masu iya yin aikin kuma suna cikinmu. Za mu zo kansu.

To, da me a ke gane lokaci ya yi? Ba da yawan shekaru ba. Akwai mai shekara 85 da ke zuwa sujada da ƙafarsa, yana lissafin kuɗinsa da kansa. Wannan ku bar shi ya sha iska. Akwai kuma mai 66 da jinyarsa ta riga ta rikice.

Wuri na fari da za a duba shi ne ledar magani. Ku zazzage ta a kan tabarma ku ƙirga. Masana lafiya su kan ce in mutum yana shan iri 5 ko fiye a kullum, ya shiga layin da ya kamata wani gwani ya bi su ɗaya ɗaya. Dalili kuwa, ƙoda da hantar tsoho ba su tace magani da sauri kamar dā, don haka abin da jikin saurayi zai ɗauka lafiya ya kan taru a jikin tsoho. Sa'an nan magani ɗaya ya kan zo da suna biyu. Panadol da farasetamol abu ɗaya ne. Norvasc da amlodifin abu ɗaya ne. In asibiti ya ba da ɗaya, 'ya ta aiko ɗayan, tsoho ya haɗa su, ya sha ninki biyu ke nan, jininsa ya faɗi ƙasa, ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi. Ga kuma magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda a ke saya a kemis kamar gyaɗa. Suna kwantar da ciwon gwiwa, gaskiya ne, amma in an daɗe ana sha su kan ci ciki har ya yi jini, su raunana ƙoda, su kuma ta da hawan jinin da a ke faman saukarwa. Haka nan ƙwayar sukari da a ke kira Daonil. In tsoho ya sha ta bai ci abinci ba, sukarinsa ya kan faɗi, ya yi zufa, jiki ya yi rawa, ya fara sambatu, mutanen gida su zaci iska ce. Babu ɗaya cikin waɗannan da ƙauna kaɗai za ta gano. Sai wanda ya san sunayen. Kada kuwa wani ya karanta wannan ya je ya tsayar wa Baba magani da kansa. A ɗauki ledar duka, har da na gargajiya, a kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna.

Na biyu mai sauƙin aunawa ne, ko yaro ɗan firamare zai iya. A 1963 wani likita a Amurka mai suna Sidney Katz ya tsara ma'auni na ayyuka 6 da mutum ke yi wa kansa kullum: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannunsa. Har yanzu ana aiki da shi a asibitoci. In Mama tana yin duka 6 a Kirsimati, zuwa Ista ta rasa 2, wannan ba tafiyar tsufa ba ce ta yau da kullum, wani abu yana faruwa, a bincika. In kuwa ta rasa yawancinsu, to aikin ya zama na dare da rana, mutum ɗaya ba zai ɗauke shi ba.

Faɗuwa ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutane masu shekara 65 zuwa sama, wajen 1 cikin 3 su kan faɗi a kowace shekara. Mu kan ce tuntuɓe ne, mu shafa man zafi, a wuce wurin. Amma in tsoho ya faɗi sau 2 cikin 'yan watanni, akwai sanadi: ko magani, ko ido, ko santsin wurin wanka, ko duhun hanyar masai da dare, ko tsuguno da gwiwa ta daina iyawa. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, a wurare irin su Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, mutum ya koma karanta Littafinsa. Amma karayar ƙashin ƙugu ta kan kwantar da tsoho kwanciyar da ba kowa ke tashi daga ita ba.

Yanzu ga wadda ta fi damunmu, watau rikicewar hankali. Iri biyu ce, kuma rashin rarrabe su yana jawo hasarar rai. Akwai wadda ta kan zo farat ɗaya. Jiya Kaka tana hira lafiya, yau ba ta san inda ta ke ba, tana ganin abin da babu, ko kuwa ta yi shiru tana ta barci. Wannan yawanci jiki ne ke ƙara: ciwon huhu, ko cutar mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko faɗuwar sukari, ko sabon magani, ko fitsari da ya riƙe. Ku lura, tsoho ya kan yi ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Irin wannan a kai asibiti a ranar, gama in an yi maganin sanadin, hankali ya kan komo. A yi addu'a, lalle, amma a yi ta a kan hanya.

Ɗayar kuwa ita ce wadda mu ke kira gigin tsufa. Tana zuwa a hankali, wata da watanni, shekara da shekaru. Mama ta bar tukunya a wuta, ta tambayi abu ɗaya sau 10, ta ɓata a hanyar kasuwar da ta yi shekara 40 tana bi, ta ce matar ɗanta ta sace mata zane. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Cikin kashi 100 na masu shi, kashi 60 zuwa 70 cutar da a ke kira Alzema ce, wadda ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kaɗan kaɗan. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, amma akwai dabarun zama da mai ita, waɗanda a ke koyo. A nan ne mu ke so mu yi magana da ƙarfi. Tsohuwar da aka tsinta da asuba a ƙofar gidan wani, ba ta san yadda ta zo ba, tana maganganu marasa kan gado, ba mayya ba ce. Ko da ta amsa da bakinta cewa ita ce ta ci wane da wane, ƙwaƙwalwar da ta manta sunan ɗanta za ta amsa kome aka tambaye ta. Abin kunya ne a ce cikin gidajen masu bi a ke samun wanda zai nuna ta da yatsa. Mutum ɗaya mai sani, wanda zai zauna da iyali ya faɗi sunan ciwon, ya kan kashe wannan wuta, ya kuma wanke matar ɗa daga zargin sata.

Ranar sallama daga asibiti ita ma rana ce ta hatsari, ko da ya ke murna a ke yi. A ɗauki wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki. A asibiti akwai masu juya shi, masu auna jininsa. Ya dawo gida, an shimfiɗa masa katifa a ɗaki, an rufe ƙofa don ya huta. Wanda ba ya iya juya kansa kuwa, ana so a juya shi wajen kowace awa 2, in ba haka ba fatar ƙugu da ƙasan baya da dugadugai ta kan mutu, gyambon kwanciya ya buɗe, wanda warkar da shi ya fi hana shi wuya nesa ba kusa ba. Haɗiya ma ta kan lalace, in an ɗura masa kunu yana kwance ya bi ta huhu. Gashi da motsa gaɓoɓi kuma da wuri a ke so a fara, kafin hannu ya ƙage. Wa zai koya wa mutanen gida waɗannan? Wa zai tuna ranar canja robar fitsari? In babu amsa kafin a bar asibiti, to lokacin neman mai tsara jinya ya yi.

Akwai alama ta ƙarshe wadda ba a jikin tsohon ta ke ba. Mu malaman makaranta mu kan fara ganinta kafin kowa, cikin rajista. Yarinya mai ƙoƙari ta fara fashi ranar Litinin da Alhamis, ta zo tana gyangyaɗi, ta daina kawo aikin gida. In an bi sawu, sai a tarar ita ce ke kwana da Kaka. Ba mu ce kada jikoki su yi wa kakanni hidima ba, akwai albarka a ciki, akwai koyo kuma. Amma yarinya mai shekara 13 ba ta isa ta ɗaga babban mutum ba, ba ta isa ta riƙe lissafin ƙwayoyi ba, kuma shekarar karatun da ta wuce ta ba ta dawowa da sauƙi. Haka matar ɗa wadda ta yi wata 8 ba ta yi barci cikakke ba, ta daina zuwa Zumuntar Mata, ta fara yi wa tsohuwa tsawa, bayan haka ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ba muguwa ba ce, ta gaji ne. Daga irin wannan gajiya a ke zamewa zuwa ɗaure tsoho a gado ko kulle shi a ɗaki. 'Yan'uwan da ke birni, masu zuwa sau 2 a shekara su ga laifi, su yi hattara da bakinsu.

To, wa za a kira? Da farko a nemi likita ɗaya wanda zai zama uban jinyar, ya san dukan katunan. A manyan asibitoci akwai likitocin iyali, aikinsu ke nan. A asibitocin koyarwa akwai sashen jin daɗin jama'a, inda a ke taimakon iyali da shirin komawa gida da maganar kuɗi, mutanenmu da yawa ba su san ƙofar ba, sai a tambaya. A ƙauye akwai ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci, waɗanda an koya musu ziyarar gida. Sa'an nan ga dukiyar da ke zaune a bencin ekklesiya kowace Lahadi: nas-nas da suka yi ritaya bayan shekara 30 ko 35 a bakin aiki. Irin wannan uwa, in ta yarda, za ta zo sau ɗaya a mako, ta auna jini da sukari, ta duba fata, ta jera magani na kwana 7, ta koya wa masu jinya ɗagawa da juyawa, ta raka Baba ranar ganin likita, ta kira ɗan da ke Abuja ta gaya masa gaskiya. A saya mata littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta kome a ciki, magani, awo, abin da likita ya ce, kuɗin da aka kashe. Littafin nan ya zauna kusa da gadon, ya bi mai ciwo duk inda za shi.

A biya ta. Mun faɗi wannan a fili domin mun san halinmu, mu kan ce aikin Ubangiji ne, mu sallami mutum da godiya. A yanka abin da za a riƙa ba ta tun farko, ko kaɗan ne, 'ya'ya su raba a tsakaninsu. Sau da yawa abin da za ta tsare na maganin banza da komawa asibiti ya fi ladanta. Amma kuma a yi hankali, ba duk mai farar riga ba ne nas. Wanda ba ku sani ba, ku nemi ganin takardar izninsa daga hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa. Wanda ya fara da cewa a zubar da maganin asibiti a sayi nasa, ku raka shi ƙofa.

Ga masu jin cewa wannan gazawa ce a wajen bi, sai su sake karanta sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. An yi gunaguni a ekklesiyar Urushalima cewa ana manta waɗansu gwauraye wajen rabon abinci. Ba ƙauna ce ta ƙare ba, jama'a ce ta yi yawa, aikin ya rasa mai riƙo. Manzanni ba su ce kowa ya ƙara ƙoƙari ba. Suka sa aka zaɓi mutum 7 masu hikima da kyakkyawar shaida, aka danƙa musu aikin. Da dattawan kowace ekklesiya za su rubuta sunayen tsofaffinsu masu ciwo, su rubuta na ma'aikatan lafiyar da ke cikinsu, su haɗa takardun biyu, da an rage kuka a gidaje da yawa.

Abu ɗaya mai tsara jinya ba zai yi ba, kada kuma a bar shi ya yi: ba zai zama ɗa ba. Hira da yamma, karanta wa Mama Zabura, sanin irin miyar da ta ke so, wannan naku ne. Ba zai kuma yanke shawara a kan tsohon ba tare da shi ba. Muddin hankalin Baba yana nan, a yi taron iyali a gabansa, a tambaye shi inda ya ke so ya zauna, wa ya yarda ya yi masa wanka, wa zai riƙe katin fanshonsa, in ciwo ya yi tsanani yana so a kai shi babban asibiti ko a bar shi a ɗakinsa. Tsofaffi da yawa suna da amsa a shirye, ba a dai taɓa tambayarsu ba. A rubuta amsoshin a shafin farko na littafin nan, da kwanan wata, a karanta wa dukan 'ya'ya, na gida da na birni.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba abincin mai ciwon sukari a gidan da tukunya ɗaya a ke ɗorawa.